Yaya Hajara ta koma kan dutse

Jiya da hantsi na ɗaga kai a bayan gidanmu na Yalwa, sai na hango mace can saman dutse tana baza kuɓewa. Na murje ido na sake dubawa. Yayata ce Hajara, wadda aka yi wa tiyata a ciki sati biyar da suka wuce. Likita cewa ya yi ko buta cike kar ta ɗaga.

Haka na hau na same ta, ni da rabona da dutsen nan tun gemuna yana baƙi.

Na ce, "Yaya, in ɗinkin nan ya farke wa zai sauko da ke?"

Ta ce, "Kai mana, Ɗanladi. Tun zamanin Inna muke shanya a falalen nan. In kaka ta wuce ba a ga kuɓewata ba, baɗi ta wata za ka gani."

Ashe sawu huɗu ta yi, kuɓewar ƙulle a bakin zane.

Na sauko da ita tana dafe da kafaɗata, ɗinki lafiya lau. Muna taka ƙasa ta ce, "Da la'asar kai za ka kwaso."

Yau ni ke shafa maganin gwiwa. Jama'a, ku yaya kuke tsare masu jinyarku?