Farar Tokar Bayan Gidanmu

Ranar da safe Inna na tankaɗe gari cikin ƙwaryar Kaka, ni ina shara. Hutu na dawo daga makarantar sakandare a Gusau. An gama girbi, ciyawa ta bushe ƙayau. A bayan gidanmu akwai tulin fasassun kwanon rufi na asbestos, da wani ɗan kwangila ya zubar ya tafi.

Da hantsi masu farautar gafiya suka sa wa daji wuta. Iska ta juyo. Kafin azahar hayaƙi ya rufe rana. Sai muka ji tau! tau! Wani ya yi ihu, "Bindiga ta! Ku hita!"

Ba bindiga ba ce. Kwanon ne ke fashewa cikin wuta, yana watsa garwashi kan rufin ciyawa. Na goya ƙanwata Hassi. Inna ta fita da ƙwaryar a hannu, ba ta ma sani ba. Muka yi dutsen Kwatarkwashi. Baba ya koma ɗauko Kaka. Da la'asar ya hawo shi kaɗai, gemunsa a ƙone.

Washegari muka sauko, muka yi wa Kaka sutura.

Kwana biyu da haka na tarar da mata a bayan gida, suna kwasar tokar kwanon. Fara fat, ga laushi. Wai za ta yi ruwan tokar miya da wankin tukwane. Hassi na wasa a ciki.

Malamarmu ta kimiyya ta taɓa gaya mana cewa ƙurar kwanon nan zare ce siririya. In ta shiga huhu ba ta fita, sai bayan shekaru ta kama mutum. Na faɗa masu. Suka yi dariya, wai boko ya taɓa ni.

Inna ta cika ƙwaryar Kaka da tokar. Na ɗauko tulu na sheƙa mata ruwa a ciki. Ta mare ni gaban kowa. Ban yi kuka ba. Na ce, "Ko za ki ƙara, ba za ta shiga tukunyarmu ba."

Kullum da safe nake jiƙa tulin tokar nan, ni kaɗai, ana kallona. Da Baba ya gaji, ya kira maza suka haƙa ramin binne tokar.

Mun rasa rumbu, da awaki, da Kaka. Ƙwaryar nan ce kaɗai abinta da ya tsira. Tokar ta shige tsaguwarta. Ni na sa ta cikin ramin.