Tsohon da Ke Barci a Kujerar Baya

A kamfanin fanshon, Uwar Tsofaffi ake ce mata, kuma sunan ya bi ta tun kafin furfura ta fito mata. A kantar karɓar takardu ta fara aiki, inda masu ritaya ke jeruwa da takardunsu a cikin leda, ta yi shekaru a nan kafin ta zama shugabar sashen kula da su. Ba ta da yawan fara'a, gaskiya, in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuno laifin da ka yi bara. Amma ma'aikatanta sun san abu ɗaya: tsakaninta da su za ta wanke mutum tas, a gaban manya kuwa ba ta taɓa miƙa wuyan nata ba.

Duk shekara ana tantance masu karɓar fansho, a ga mutum ido da ido, ya dangwala yatsa, a tabbatar yana raye. Ofishin yana hawa na uku, na'urar hawa kuwa ta fi kwanciya ciwo a kan aiki. Uwar Tsofaffi ta sha ganin ana ciccibo dattijo a matakala kamar buhu, hularsa na faɗuwa, yana ɓoye fuska don kunya. Tana hawa kujerar shugabancin sashen ta kafa doka: wanda ba zai iya hawa ba ya zauna a mota, ma'aikaci ya sauka ya same shi.

Ta wannan ƙofa masifar ta shigo. Maman 'Yan Biyu, wadda ta fi kowa riƙe aiki a sashen, ita ta sauka wajen wata mota. Ta tarar da tsoho a kujerar baya, an lulluɓe shi da bargo, yana barci. Ɗansa ya ce ciwo ya hana shi runtsawa, yanzun nan barcin ya ɗauke shi. Ta dubi hoto, ta dubi fuska, sun yi daidai. Hannunta ya kasa taɓa shi. Ta rubuta ta gan shi, ta bar gurbin yatsa babu komai. Sai da rigima ta ɓarke tsakanin 'ya'yan gidan asiri ya tonu: mai fanshon ya daɗe da rasuwa, ƙaninsa aka kwantar a motar, don kamarsu ɗaya sak.

Mai binciken kamfani ya rubuta rahoto, aka sa ranar zaman kwamiti, kuma kowa ya san kora ake nufi. Maman 'Yan Biyu ita ke riƙe da gidanta tun da mijinta ya rasa aiki.

Da safen ranar, maigidan Uwar Tsofaffi, tsohon malamin makaranta, ya dube ta tana juya shayin da ba ta kurɓa ba.

"Saura kaɗan ki ajiye aiki da mutuncinki," ya ce. "Kada ki tsoma kanki a abin da zai cinye ki."

"Ni na tura Maman 'Yan Biyu ƙasa."

"Ke kika ce kada ta tashe shi?"

Ta ɗauki jakarta. Haushinsa ta ji, don tambayar ta zauna daidai.

A barandar ofis ta tarar da Maman 'Yan Biyu jingine da bango, idanu sun yi jajir.

"Anti, korata za su yi?"

"Ban sani ba. Goge fuskarki ki jira a nan."

Haka take, ba ta sayen kwanciyar hankalin mutum da ƙarya. Ta leƙa taga ta dubi motocin da ke jere a ƙasa, ta ɗan jima tana kallon ɗaya, sannan ta shiga.

Manaja yana zaune a kan teburin taro, mai bincike a gefensa. Takardar sallamar an riga an buga ta, biro kawai take jira. Mai bincike ya karanta rahotonsa da muryar da ba ta hawa ba ta sauka, kuma abin takaicin, babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

"Kina da abin cewa?" in ji Manaja.

"Ta yi kuskure, Yallaɓai. Amma ba da ita aka haɗa baki ba, shi ma mai bincike ya faɗa."

"Sakaci ma laifi ne. Taɓa mutum ka ce tashi, wannan har sai an je makaranta? Yaron goye ma zai iya."

Uwar Tsofaffi ta dube shi ta saman tabarau. Ta san in ta faɗi abin da ke bakinta kuma bai yi ba, takardar za ta zama biyu.

"To, Yallaɓai, mu sauka ka nuna mana."

Mai bincike ya sunkuyar da kai yana gyara takardun da ba su karkace ba. Manaja ya kafe ta da ido, jijiyar wuyansa ta tashi. Mutum ne da ba ya son a ce ya ja da baya, kuma da wannan halin nasa ta dogara. Ya ture kujera ya miƙe.

Rana ta buɗe a filin ajiye motoci. Uwar Tsofaffi ta kai su wajen wata tsohuwar mota mai tsagaggen gilashi. A kujerar baya wani dattijo ne kwance, kansa a kan filo, baki a ɗan buɗe, hannayensa duk ƙashi. 'Yarsa na tsugune a bakin ƙofa tana yi masa fifita da kwali.

"Tantancewa muka zo," in ji Uwar Tsofaffi. "Ga shugabanmu da kansa."

Manaja ya sunkuya. Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a iska. "Baba," ya ce, da muryar da ko sauro ba za ta kora ba. Ya sake cewa, "Baba." Ya dubi ƙirjin da ke ɗagawa da ƙyar, ya dubi 'yar da ta zuba masa ido. Sai ya miƙe yana share gumi.

"A bar shi ya ɗan huta, ma dawo an jima..."

Bai ƙarasa ba, don ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Babu wanda ya yi dariya. Uwar Tsofaffi ma ba ta kalle shi ba, ta san a irin wannan lokaci kallo kaɗai zai ɓata komai. Ta miƙa wa mai bincike jakarta, ta durƙusa, ta dafa kafaɗar tsohon.

"Baba, ka yi haƙuri, tashi."

Shiru. Ta ɗan girgiza shi. Kansa ya gangara gefen filo, bai motsa ba. Kwalin da ke hannun 'yar ya tsaya cak.

"Baba?" in ji 'yar. "Baba!"

Tsoro ya kama Uwar Tsofaffi. Ta kama kafaɗun biyu ta jijjiga da ƙarfi, ƙarfin da ba ta taɓa sa wa dattijo ba a rayuwarta. Tsohon ya ja wani dogon numfashi, ya buɗe ido ɗaya.

"Wace marar kunya ce wannan? Ba ki da uba a gida?"

"Ni ce, Baba. Kawo babban yatsanka."

Ya miƙo yana ta mita, ta dangwala shi a tawada, ta danna a takarda. 'Yar na dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

Manaja ya juya ya nufi matakala. Sai da ya taka ta farko ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "A ba Maman 'Yan Biyu takardar gargaɗi. A cire mata ƙarin girman bana. Kuma duk motar da aka sauka dominta, ke za ki sa hannu a ƙasan nata. In an sake, ku biyu za ku tafi."

"Na yarda, Yallaɓai."

Uwar Tsofaffi ta hau a hankali. Maman 'Yan Biyu na nan inda ta bar ta. Da ta ji hukuncin sai ta sulale ƙasa tana kuka, tana neman riƙe ƙafafunta.

"Tashi, ba na son wannan. Akwai sauran motoci a ƙasa, ke za ki sauka."

"Anti, wallahi yau ba zan iya ba."

"Yau ɗin za ki iya. Ki gaishe su, ki ba su haƙuri, ki tashe su. Za su zage ki, su zagi iyayenki. Wanda ya zage ki, ki gode Allah, yana da rai."

Ta ciro kwalin tawadar daga aljihu ta danƙa mata a tafin hannu. Ta tsaya a bakin matakala tana sauraron takunta har ya kai ƙasa, sannan ta shiga ofis ta rufe ƙofa, ta zauna ta jira takardar farko da za ta sa wa hannu.