Libarbar Baba Babba da Ƙafar Inna

Har yau ba na iya tsayawa kusa da tela idan yana ɗiga wa kekensa mai. Da zarar ƙanshin man keke ya shiga hancina sai in gan ni ina 'yar yarinya a gidanmu na Tudun Wada, ina miƙa 'yar kwalba ta ƙofar zaure.

Gidan gado ne, babanmu da yayansa suke zaune a ciki tare da mahaifiyarsu, kakarmu. Yayan nasa, wanda muke kira Baba Babba, tsohon soja ne. Ya bar aiki ya dawo gida da akwatin ƙarfe, da tari mai nauyi, da wata ƙaramar bindiga da bai mayar wa hukuma ba. Libarba ce, irin mai 'yar gangar nan a tsakiya da ke juyawa, ana zuba mata harsashi shida. Baƙa ce wuluk, in rana ta haske ta sai ta yi shuɗi-shuɗi, ƙotarta ta katako ta sha hannu har ta yi santsi.

Inna, mahaifiyata, ɗinki take yi. Keken ƙafa gare ta, kuma ƙarar wannan keke ita ce muryar gidanmu. Da ita muke tashi, da ita muke cin tuwo. In salla ta matso, matan unguwa har layi suke yi da atamfofinsu, ita kuwa ƙafarta ta dama tana ta rawa a kan feda, ba ta gajiya.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Baba Babba yakan shimfiɗa buzu a zaure ya kira ni. "Je ki ce wa uwarki ta ba da mai." Ba roƙo ba ne, umarni ne. Sai ya warware bindigar daga cikin tsohon rawani, abokansa su kewaye shi: wani tsohon ɗan sanda, wani mai gyaran agogo, da wani maharbi da ke tahowa tun daga Dutsen Abba a kan keke. Su yi ta juya ta, suna kasa kunne su ji yadda gangar ke ƙas-ƙas, suna cewa Bature ya gama ƙira a kan wannan, duk wadda ta biyo baya kwaikwayo ce. Babanmu malamin firamare ne, ba ruwansa da bindiga, amma yakan zauna a gefe yana yi musu dariyar ladabi.

Ranar da abin ya faru damina ce, an ɗauke ruwa ke nan, tsakar gida duk ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna ta dama musu fura, ta kawo har bakin ƙofar zaure ta ciki, ta tsaya a bayan asabari tana kirana in karɓa. Ina miƙa hannu, bindigar ta suɓuce daga hannun maharbin nan, don ta sha mai. Ta bugi daɓe. Ba wanda ya taɓa kunamarta. Ita da kanta ta tashi, harsashin ya sami Inna a ƙafar dama.

Ban ji ihun Inna ba, kunnena ya toshe. Na dai ga ƙwaryar ta kife, fura tana bin ƙasa, jini yana shiga cikinta. Na juya ina neman wanda zai taimaka, kuma abin da idona ya gani shi ne abin da na kasa yafewa har na yi furfura. Baba Babba ya durƙusa, ya ɗauki bindigarsa, ya goge ta da bakin riga, ya ɗaga ta saitin haske yana duba ko ta lotsa. Sai da ya gama sannan ya ɗaga asabari.

Asibiti yana nan kusa da mu, da ƙafa ma ana zuwa. Amma likita in ya ga raunin harsashi 'yan sanda zai kira, bindigar kuwa ba ta da takarda. Kaka ta fito ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Ɗana za ku kai gidan yari saboda tsautsayi?" Kowa ya dubi babanmu. Babanmu ya dubi ƙasa. Aka ce wa maƙwabta tayar mota ce ta fashe a bakin titi. Aka kira wanzami ya tono harsashin da aska, aka kira maɗori ya ɗaure ƙashin da karare.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ana ruwa ana ɗaukewa. Ɗakin Inna ya fara wani irin wari da turaren wuta ya kasa rufewa. Ni nake kore mata ƙudaje da mafici. Ba ta kuka, sai dai ta ciji gefen zane. Da kawuna, ƙaninta, ya zo daga Kwangila gaishe ta, daga bakin ƙofa ya ji warin. Ya goya ta a bayansa ya fita da ita ta gaban Baba Babba, sai asibiti. Ya makara. A ƙasan gwiwa aka yanke ƙafar.

Ba a kama kowa ba, ban kuma san yadda manya suka rufe maganar ba. Aka sauya wa Inna kekenta ya koma na hannu, tana juyawa da dama tana tura yadi da hagu, ɗinkin yini ya koma na kwana da kwanaki, masu kawo atamfa suka ragu. Kafin wata daminar ta zagayo, buzu ya koma zaure. Kuma wallahi, wata Juma'a Baba Babba ya kira ni ya ce in je in karɓo mai. Na je na tsaya a gaban Inna. Ta ɗauko kwalbar ta ce, "Ki kai masa. In ban bayar ba, ke za a daka."

Duk sun rasu yanzu, Allah ya jiƙan Musulmi. Na yi aure, ina zaune a Hanwa, ba na zuwa gidan sai da dalili. Kwanakin baya aka yi suna, na je. Zauren ya sha siminti, kujerun roba sun maye gurbin buzu. Zan wuce ciki sai na ga maza sun haɗa kai a kan waya, har da ɗana. Wai kamfanin da ya ƙera libarbar ya sake fito da ita sabuwa, ana nuna ta a bidiyo, su kuma suna gardama. Wani ya ce ƙarfen sabuwar ya fi ƙarfi, ba ya tsatsa. Wani ya ce launinta ya mutu, ba ta da shuɗin nan na da. Sai babban ɗan Baba Babba, yayanmu, da farin gemunsa, ya karɓi wayar ya ce, "Sun lalata ta. Sun cusa mata wani ƙarfe a ciki, wai don kada ta tashi in ta faɗi ƙasa. Kunamar ta yi nauyi. Ta Baba kuwa, iska ma ta isa ta tayar da ita. Wannan ai ta matsorata ce."

Ban san lokacin da na tsaya ba. Na ce, "Yaya, da ta Baba Babba tana da wannan ƙarfen, da Inna ta shiga kabarinta da ƙafa biyu."

Ɗana ya ce, "Mama, ba maciji ne ya sari Kaka ba?" Ashe abin da aka gaya wa jikokin Inna ke nan.

Yaya ya ce, "Haba, ki bar tone-tone a ranar farin ciki. An riga an yafe."

Na ce, "Wa ya yafe? An taɓa tambayar ta?"

Tun ranar bai sake amsa gaisuwata ba.

A zamaninmu bindiga ɗaya ce a duk layinmu, ta kuma ishe mu masifa. Yau mutum ba ya kama hanyar ƙauye sai da addu'a a bakinsa, kowane gida akwai wanda ya san wani da aka harba ko aka ɗauke, amma 'ya'yanmu suna zaune suna yaba ƙirar ƙarfe. Maƙeran can da ba su san Inna ba sun gane kuskurensu sun gyara. A gidanmu, inda jininta ya zuba, har yau gyaran ake zagi.