Injin Gwadabe a Motar Ƙaninsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Tudun Wada da buhun masara yana neman motar Doguwa ya san Malam Gwadabe, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan mai farar a-kori-kura, wanda in ya ce buhu goma sha biyu zai ɗauka, to ko shugaban tasha bai isa ya sa shi ya ƙara na sha uku ba. Ana cewa yana da zafin rai. Gaskiya ne. Amma zafin da ake gani yanzu ba da shi aka haife shi ba. Shekara biyu ke nan da ya same shi, kuma kowa a Burumburum ya san dalili.

An haife shi a wani ƙauye da yau ba a iya nuna wa kowa, domin yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Mahaifinsa masaƙi ne. Gwadabe yana ɗan shekara goma sha biyu aka tashe su, tsohon ya ɗauko itatuwan saƙarsa a ka, suka dawo Burumburum wajen dangin mahaifiyarsu. Bai daɗe ba ya rasu, ya bar 'ya'ya uku: Kulu babbarsu, sai Gwadabe, sai auta Kamalu da aka bari yana rarrafe. A hannun Gwadabe Kamalu ya tashi. Shi ya sa shi a makaranta, shi ya koya masa riƙe sitiyari, shi ya tsaya masa a maganar aure.

Shekara goma sha biyar Gwadabe ya yi yana tuƙa motocin mutane kafin ya sami tasa, tsohuwar Toyota Hilux 'yar Kwatano. Ba sabuwa ba ce, amma injinta lafiyayye ne. Wata rana ya ji a rediyo ana ba da tarihin kamfanin da ya ƙera ta. Aka ce asalin gidan ba mota suke yi ba. Wani ɗan kafinta ne a Japan ya tashi yana kallon mahaifiyarsa tana wahala da saƙar hannu, sai ya ƙera injin saƙa, daga baya ɗansa ya juya ga ƙera mota. Ranar Gwadabe bai iya yin shiru ba. Duk wanda ya shiga gaban motar sai ya ji labarin.

"Ka ga wannan?" sai ya daki sitiyari a hankali. "Aikin jikokin masaƙa ce. Ni ma ɗan masaƙi ne. Shi ya sa muka san juna."

Direbobin tasha suna yi masa dariya, amma in ana musun mota, tasa ake kawowa misali. Wannan ya ce tasa shekara biyar ta buga inji, wancan ya ce tasa ba ta son damina. Ta Gwadabe kuwa shekara ashirin da biyar tana ratsa dajin Falgore, da rake, da masara, da 'yan maruƙan Fulani, da mata masu naƙuda, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Ba sihiri ba ne. Ba ya ƙetare ranar juyen mai, ba ya sayen baƙin mai a bakin titi, kuma bakanike ɗaya ne tak yake taɓa ta, wani mai suna Datti a Tudun Wada.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Wata safiya ya hangi wani abu kamar hayaƙi a tsakiyar titi, bai gane saniya ce ba sai da ya kusa hawa kanta. Matarsa Hauwa ta tsare shi da magana har ya yarda ya tafi asibiti a Kano. Aka ce yanar ido ce ta kama idanun biyu, za a yi aiki ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ya kusanci tuƙi sai bayan wata uku. Ya ba Hauwa makulli, ya ce wa Kamalu ya riƙa zuwa duk mako yana tayar da injin don kada ya yi sanyi.

Kamalu shi ma yana da a-kori-kura irin ta yayansa sak, sai dai tasa shuɗiya ce. Shi mutum ne mai lodi har sai taya ta kwanta, don haka injinsa ya daɗe da gajiya, yana tari yana fitar da hayaƙi.

Da wata ukun suka cika, Gwadabe ya karɓi makullinsa, ya yi bisimilla ya tayar da mota. Sai ya tsaya cak. Ƙarar da ya ji ba ita ya sani ba. Ya kira Kamalu.

"Me ya sami motar nan?"

"Zama ne, Yaya," in ji Kamalu, yana kallon gefe. "Mota in ta daɗe a tsaye haka take. In ta sha hanya za ta warware."

Gwadabe ya buɗe bonet ya leƙa, amma idon bai gama washewa ba, duhun cikin ya hana shi ganin komai sosai. Ya ce a ransa wataƙila kunnensa ne ya fara bin ido. Ya rufe.

Washegari ya yi lodin taki da fasinja shida zuwa Doguwa. Suna tsakiyar dajin Falgore, a kan hawa, motar ta fara shaƙewa. Ya sauya giya, ya ba ta wuta, ta yi kuka, tururi ya taso daga gaba, ta mutu. Awa huɗu suka yi a rana. Wata mata da jariri a baya tana ta kallon daji tana salati. Wani matashi cikin fasinjojin ya ce, yadda kowa zai ji, "In mutum ya tsufa ya haƙura mana. Shi ba ido, motar ba rai." Gwadabe ya koma wajen motarsa. Shi da a shekara ashirin da biyar bai taɓa sauke fasinja a hanya ba, yau ga shi an ɗaure motarsa da igiya, wata tifa tana jan ta kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Kashegari da hantsi yana zaune a benci a tasha, ransa a jagule, yana jiran Datti ya dawo daga wata jana'iza. Sai ya ji wata mota tana shigowa ta bayansa. Bai waiwaya ba tukuna, amma ya kasa kunne. Wannan ƙarar ya san ta kamar yadda ya san tarin matarsa a cikin taron mata. Ya juya. Shuɗiyar motar Kamalu ce, an yi mata lodi har sama, tana tafiya sumul, babu hayaƙi ko kaɗan.

Ya miƙe ya tare gabanta.

"Buɗe bonet."

"Yaya, lafiya? Bari in sauke..."

"Na ce buɗe!"

Mutane suka fara taruwa. Kamalu ya buɗe. Gwadabe bai ma dogara da ido ba. Ya zura hannu, bai damu da zafi ba, ya shafa gefen murfin injin har yatsansa ya sauka a kan wani ɗan tabon walda da Datti ya yi masa shekara tara da suka wuce. Yana nan.

"Kamalu," ya ce, "injin wa ke cikin motarka?"

Kamalu ya durƙusa. "Yaya, ka yi haƙuri, mu je gida mu yi maganar."

"A nan za mu yi ta. A daji aka zage ni jiya, ba a gida ba. Ina kwance da auduga a ido, kai kana nan kana farke cikin motata? Ka cusa mini mushen injinka, ka bar ni na ɗebi matan mutane na shiga Falgore da shi? Da wani abu ya fito daga dajin nan, me za ka ce wa mazajensu?"

"Wallahi ban zaci za ka yi nisa da ita ba. Ai mun ɗauka ka gama tuƙi."

Wannan maganar ta fi satar injin ciwo. Wato an riga an yi masa jana'iza yana raye, har an fara rabon gado. Amma akwai kalma ɗaya da ta tsaya masa a wuya.

"Mun ɗauka? Kai da wa?"

Kamalu ya sunkuyar da kai. Gwadabe ya tuna a hannun wa ya bar makulli, ya hau babur ɗin ɗan acaɓa ya nufi gida.

Ya tarar da Hauwa tana sheƙar shinkafa a tsakar gida. Ko sallamar kirki bai yi ba.

"Ke kika ba shi izini?"

Ta ajiye faifan. Ba ta yi musu ba. "Ni na ba shi, Malam. Ya ce aro ne, na ce ya ɗauka. Na so ka dawo ka ga motar ta gaji, ka haƙura ka zauna."

"Kika so in zauna! Ke ce za ki yanke mini ranar da zan ajiye sana'ata?"

"Wane ne zai yanke maka in ba ni ba?" Ita ma muryarta ta ɗaga. "Shekara talatin ina zaune da zuciya a hannu duk ranar da ka shiga dajin nan. Ka kusa kashe kanka a kan saniya, ka dawo kana ba da labari kana dariya. Na yi magana, na yi kuka, ka ji? Motar nan kake ji, ba mutum ba."

"Sai ki haɗa kai da yaron da na goya, ku mayar da ni abin dariya? Da kin ɓoye makullin, da na ce tsoro ne. Wannan kuwa cin amana ne, Hauwa."

Ya fice. Ranar a zaure ya ci abinci, kuma daga gidan maƙwabci aka kawo.

Labari ya kai wa Yaya Kulu a garin Ƙofa, inda take aure. Kwana biyu sai ga ta, da sandarta. Ta tara su ukun a zaure. Ta fara da Kamalu.

"Kai ɓarawo ne, kada ka sake in ji kalmar aro a bakinka. Aro da sanin mai abu ake yi." Ta juya ga Hauwa. "Ke kuma tsoronki gaskiya ne, hanyarki ce karkatacciya. Kin tura shi daji da mataccen inji don kina tsoron daji? Ina hankali a nan?" Sannan ta dubi Gwadabe. "Kai ma ba na barin ka. Da kana sauraron mutane, da ba a bi ta bayanka ba."

"Yaya, ni aka zalunta," in ji Gwadabe.

"Na sani. Shi ya sa gobe za a mayar maka da abinka, a gabanka."

Haka aka yi. A garejin Datti, da rana tsaka, Gwadabe ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallo, Kamalu yana tsaye a rana, aka sauke injin aka mayar da shi gidansa. Da Datti ya buɗe shi sai ya girgiza kai. Wata uku na lodin rashin tausayi da gurɓataccen mai sun cinye abin da shekara ashirin da biyar ba su ci ba. Sai da aka yi masa aiki na mako guda. Ya tashi, yana tafiya, amma Gwadabe ya ce muryarsa ta dushe, kuma duk safiya in ya tayar da shi sai ransa ya sake ɓaci.

Shi da Hauwa sun shirya, bayan wata guda yana cin tuwonta ba magana. Ya yarda ba zai ƙara shiga Falgore bayan la'asar ba, kuma duk wata shida zai koma a duba idon. Ita ma ta nemi gafara, ko da yake har yau in maganar ta taso takan ce niyyarta ba mugunta ba ce, shi kuma ya ce niyya ba ta hawa tudu da buhun taki.

Kamalu kuwa ya aiko dattawa har sau uku. Gwadabe ya ce musu, "Na yafe, don kada in tashi gaban Allah da gaba. Amma yafiya daban, makulli daban." Ya sa an yi wa bonet ɗin sarƙa da kwaɗo, makullin yana rataye a wuyansa.

Bara aka yi bikin Humaira, 'yar Kamalu ta fari, za a kai ta Kiru. Motar uban tana gareji. Ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayar Gwadabe, amma da sassafe sai ga farar a-kori-kura a ƙofar gida. Ya ce Humaira 'yarsa ce, ba ta yi masa komai ba. Sawu biyu ya yi da gado da kujeru da kwanuka, ko kofi ɗaya bai fashe ba. Da ya sauke na ƙarshe, Kamalu ya matso, idonsa ya kawo ruwa, ya dafa ƙofar motar.

"Yaya, na gode. Allah ya bar zumunci."

"Amin," in ji Gwadabe, yana kallon titi. "Ɗauke hannunka."