Akwatin Baba da Aka Ce Ya Ƙone

Ranar da rikici ya kore mu daga unguwar Miskine a Bangui, Baba bai iya ɗaukar akwatin littattafansa ba. Ƙanensa, Baffa, shi ke da mota, shi ya ce a bar masa amana. Bayan mako guda ya same mu a unguwar Kilomita Biyar, a ɗaki ɗaya mu takwas, yana sharar hawaye, wai 'yan fashi sun banka wa akwatin wuta a kan idonsa. Baba ya yi salati ya juya fuska bango. Shekara biyu ya ƙara a duniya, bai sake riƙe alƙalami ba.

Bara 'yata da ke karatu a Turai ta turo mini labari a waya. Ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na wata jami'a ya sanar da samun littattafan ajami daga Bangui, sun ɗauki hotonsu shafi-shafi. Ina tsaye a shago ina auna wa wata mata atamfa, sai ga rubutun hannun Baba a waya. A gefen shafin ya rubuta ranar haihuwata, kamar yadda ya yi wa kowannenmu.

A cikin hotunan har da wasiƙar da ta rako akwatin, da Faransanci, Baffa ya sa hannu. Ya ce mai littattafan ya rasu, iyali sun amince a sayar. A lokacin Baba na raye, ni ke dama masa kunu.

Na tsani mutumin nan, ban kuma ji kunyar tsanarsa ba. Na hau babur na je aka buga mini wasiƙar a takarda, na ninke na sa ƙarƙashin dardumar sallata. Ban gaya wa kowa ba. Wata bakwai ina gaishe shi har ƙasa, ina aika masa tuwo ranar Juma'a. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, ni kuwa romon nake jira.

Sai ya sami kujerar Makka. Ya shiga bin dangi gida-gida yana neman yafiya, kamar yadda mahajjata ke yi. Ya iso gidanmu da farar riga, dattawan masallacinsu uku na biye da shi.

“'Yata, in na taɓa saɓa miki, ki yafe mini. Tafiyar nan ba a san dawowa ba.”

Na miƙa takardar ga wanda ya fi su jin Faransanci, na roƙe shi ya karanta da ƙarfi, ya juya ta da harshen Sango don yaran gida su ji. Ya karanta har ƙarshe.

Babban dattijon ya sunkuyar da kai ya ce, “Haba ɗiya, Allah ma muna saɓa masa ya yafe.”

Na ce, “Gaskiya ne, Malam. Nawa haƙƙin ma ban yafe ba. Na Baba kuwa ba a hannuna yake ba. Baffa ya san inda yake kwance, ya je ya tambaye shi.”