Jinin Da Na Gani A Maniyyina Da Laifin Da Aka Ɗora Wa Matata

Edita, sallama gare ka da duk mai karanta wannan shafi. Lokacin da abin nan ya same ni ango ne ni, ko shekara ban rufa da aure ba. Manomin rani ne a wani ƙauye can wajen Makoda, ina da ɗan fili a bakin dam inda nake tumatir da albasa da attaruhu, kuma tun ina yaro ƙafata a cikin ruwa take. Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya yi ni da son sani, duk abin da na ji a rediyo sai na bi shi a waya na ga ƙarshensa. Matata 'yar Bacirawa ce, can cikin birni, ta gama sakandare. Ni na gan ta na ce ina so, ita ma ta ce tana so. Inna, wato mahaifiyata, ta yarda da auren, sai dai ba da zuciya ɗaya ba, don ita ta fi son 'yar garinmu wadda ta san uwarta da kakarta.

Zan faɗi abin yadda yake, don kunyar faɗa ce ta kusa kashe min aure. Wata rana bayan mun sadu matata ta ga ɗan jini a zanen gado. Ta ɗauka al'adarta ce ta zo ba a kan lokaci ba, har ta ajiye salla, da ta ga shiru ta yi wanka ta ci gaba. Aka jima aka sake. Sai ta shiga tsoro ko ciki ne ƙarami yake neman zubewa. Ni ma wallahi ban taɓa kawowa nawa ba ne, wa ya taɓa jin namiji da jini ta nan? Sai da ta tafi biki gidansu, na dawo daga gona na kwanta da rana na yi mafarki, na tashi na ga wandona da wani ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Babu mace a kusa. Sai a nan na gane jinin nawa ne.

Maimakon in faɗa mata da ta dawo, sai na faɗa wa yayana. Ranar kasuwa ya ja ni wurin wani mai magani, irin masu lasifika a kan mota. Mutumin bai tambaye ni aikina ba, bai tambayi ko ina jin zafi ba, abu ɗaya ya tambaya, wai matata 'yar ina ce. Da ya ji 'yar birni ce sai ya gyaɗa kai, ya ce ai ba sai an ja magana ba, sanyin mata ne ya kama ni, wai 'yan makaranta da shi suke shigowa gidan miji, wasu daga banɗaki, wasu kuma daga inda ba zai faɗa ba saboda yana ganin mutuncina. Ya cika min jarka da wani baƙin ruwa mai ɗaci. Yayana ya faɗa wa matarsa, matarsa ta faɗa wa Inna, kafin Juma'a har masu tallan ƙosai sun san labarin. Aka ware wa matata kofinta da butarta. Gwaggona ta zo ta zauna a tsakar gida tana cewa dama ita tun ranar kai amarya ta ga idon yarinyar a buɗe yake. Inna ta ce matata ta je gidansu tukuna har a ga abin da Allah zai yi. Tana haɗa kaya ta tambaye ni ko ni ma na yarda da abin da ake faɗa a kanta. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Ta tafi. Mahaifinta ya aiko cewa in dai zargin 'yarsa ake, to a aiko masa da sakinta ya san matsayinta, Kawuna kuma ya tasa ni gaba kullum wai in rubuta in huta.

Ruwan jarkar nan babu abin da ya yi min sai gudawa. Kuma ga matar ba ta gidan, amma jinin bai tsaya ba. Nan na koma wa wayata. Na yi ta nema da Hausa da ɗan guntun Turancina, sai na ga ashe abubuwan da ke kawo jini a maniyyi suna da yawa, kuma a cikinsu har da tsargiya. Tsargiya fa, wadda muke wasa da ita. Duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san zancen nan. Muna yara in mun fito daga iyo sai mu jera muna fitsari ana duba na wa ya fi ja, manya suna dariya suna cewa alamar an fara zama maza ke nan, wanda nasa bai yi ja ba har tsokanarsa ake wai mace ce. Ni har na girma nakan ga ɗigon jini a ƙarshen fitsari jefi-jefi, ban taɓa saka shi a layin ciwo ba. Na je na ce wa Kawu asibiti zan tafi, ba zan saki kowa ba sai na ji daga bakin likita. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce shi ma ya yi tsargiya, ga gida nan ya cika da 'ya'ya, wai yanzu saboda waya zan je in kwance wando a gaban baƙo in tona asirin gida. Na ce Kawu asiri ai ya daɗe a bakin titi, sunan 'yar mutane kawai ake yawo da shi.

Na hau acaɓa zuwa bakin hanya, na shiga bas zuwa babban asibiti. Likitan yana jin bayanina ya tambayi sana'ata, na ce noman rani, ya ce ruwan tsaye nake shiga, na ce har gwiwa. Ya auna min hawan jini, ya duba maraina, ya tura ni gwajin fitsari da na cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Sakamako ya fito babu ciwon sanyi ko ɗaya, ƙwan tsutsar tsargiya ne a fitsarina. Ya ce tsutsar daga jikin dodon koɗi take fita a cikin ruwa, ta huda fata ta shiga, ƙwanta ya maƙale a mafitsara da hanyoyin da maniyyi ke bi, su yi rauni su riƙa zubar da jini. Ba a ɗaukarta daga mace, kuma ba zan saka wa matata ta saduwa ba. Ni da tambaya, ban bar shi ya huta ba. Ya ce ga matashi sau da yawa jinin ba wani abin tashin hankali ba ne, yana iya zama ɗan kumburi ko buguwa, ya zo sau ɗaya ya wuce. Wani lokaci ƙwayar cuta ce a hanyar fitsari, ko ciwon sanyi na gaske, ko hawan jini da ya yi tsanani. Amma in abin ya maimaita, ko ya zo da zazzaɓi, da zafin fitsari, da jini a fitsarin, ko ciwo da kumburi a maraina, to ba a zama. Wanda ya haura arba'in kuwa ko sau ɗaya ya gani ya zo, don akwai wani ɗan ƙululu a ƙasan mafitsarar namiji da ciwon daji kan kama, gara a duba da wuri. Aka ɗora ni a sikeli, aka ba ni ƙwayoyi daidai nauyina, aka ce in ci abinci kafin in sha, in kuma nemi dogon takalmin roba don in na koma ruwan haka nan zan sake kwasa.

Da na dawo ban yi raɗa da kowa ba. Bayan la'asar na tara Inna da Gwaggo da Kawu da yayana a tsakar gidan da aka ci mutuncinta, na ce ciwon nan nawa ne, daga dam ɗin da muke ci da shi na ɗauko, kuma saki ba zan rubuta ba ko yau ko gobe. Inna ta ce wato a kan 'yar birni zan maida ita maƙaryaciya. Na ce Inna ban isa ba, amma duk gidan da labarin farko ya shiga sai na shiga da na biyu da ƙafata. Haka kuwa na yi, gida-gida. Sannan na tafi Bacirawa na durƙusa gaban surukina. Ya saurare ni har na gama, ya kira matata. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ta tambaye ni da a ce gwajin ya nuna ciwon sanyi ne, ta yaya zan san ita ta kawo ba ni ba.  Ba ta biyo ni ranar ba, sai da Gwaggo da kanta ta je biko.

Jinin ya ɗauke bayan magani, na koma aka sake gwaji aka ce babu komai. Yanzu a majalisa in na iso sai wani ya ce a matsa wa mai al'ada ya zauna, a yi dariya. Ni ma nakan yi, in ce ai wanda ya fi kowa dariya shi na fi zargi. Kuma bayan an watse sai ka ga wani ya biyo ni a hanya, wai wani abokinsa ne yake tambaya wace ƙofa ake shiga a asibitin. Ina faɗa musu, kuma ba zan daina ba ko za a yi ta kirana da sunan har in tsufa. Yaran da ke fitsarin jini a bakin ruwa ba balaga suke ba, ciwo ne a jikinsu, a kai su a ba su magani. Kai kuma ɗan'uwana magidanci, in ka ga jini a maniyyinka kada ka tsorata har ka rasa hankalinka, kada kuma ka tsaya gaban mai lasifika. Ka kai jikinka gaban likita kafin ka kai sunan matarka bakin mutane, don ciwona ƙwayoyi kaɗan suka warkar da shi, amma har yanzu akwai gidajen da matata ba ta shiga biki a garinmu.