Fadamar Kakana

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya tuno mini da kakana yau, da aka yi yayyafi a Badi'a, unguwarmu a Riyad. Rana irin wannan ya kai ni kwarin bayan unguwarmu, ya tona ƙasa da yatsunsa, ya shinshina.

Na ce, "Kaka, ita ce fadamar da kake faɗa?"

"Haba amarya, wannan? Fadama ƙasa ce mai riƙe ruwa har tsakiyar rani. Bari in kai ki tamu a Damagaram, ki sha rake ki manta Larabci."

Nan Riyad aka binne shi, ni kuwa ban taɓa zuwa Damagaram ba. Allah ya sanyaya makwancinsa. Sai bara Inna ta gaya mini rairayi ya cinye fadamar tun kafin a haife ni, kuma Kaka ya sani.